Yadda Ake Ƙetare Fili Mai Laka da Mota Mai Fowil

Fowil ba ya hana mota kafewa. Abin da yake yi shi ne raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, don idan wasu sun rasa abin kamawa wasu su ja. Da zarar cikin mota ya zauna a kan laka, tayoyi sun daina ɗaukar nauyi, to ko Land Cruiser ce sabuwa fil sai an sa shebur. Shi ya sa mafi yawan aikin ƙetare fadama ana yin sa ne tun mota tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Bayanin nan ya fi dacewa da Hilux, Land Cruiser, Prado, L200 da Pajero, wato motocin da ke da ƙaramar giya ta fowil, wadda makanikai ke kira ogzilari.

Fara sanin irin lakar da ke gabanka

Ƙasar jigawa ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Rairayi idan ya jiƙa ya fi busasshe daɗin tuƙi. Ƙasar laka akasin haka take. Ita ma iri biyu ce, kuma kowace da tata dabara.

Akwai taɓo mai santsi wanda bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, ƙarƙashinsa ƙasa ce mai tauri. Shi ake samu a jan ƙasa bayan an ɗauke ruwa. Ba ya haɗiye mota, sai dai ya sa ta zamiya, gindinta ya riƙa neman wuce kanta. A nan ana son taya ta yanka taɓon ta taɓa ƙasa mai taurin.

Sai kuma laka mai zurfi, irin ta fadamun Haɗeja da Nguru, da kwarin Rima, da baƙar ƙasar firki ta wajajen Dikwa da Ngala. Wannan idan ta sha ruwan Agusta babu wani tauri kusa, duk juyin da taya ta yi a banza ƙara nitsewa ne. A nan ana son taya ta baje ta hau bisa, kada ta haƙa. Mafi yaudara a cikinta ita ce ta farkon kaka: sama ta bushe har ta tsattsage, mutum ya taka bai lotsa ba, amma ƙasan ɓawon tana nan danƙo. Ɓawon da ya ɗauki mutum mai kilo 70 ba lalle ya ɗauki mota mai tan 2 da rabi ba.

Sauka ka taka da ƙafarka

Tsayar da mota a kan tudu, ka yanko sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi. Kafin ka shiga, durƙusa ka auna daga ƙasa zuwa kumburin nan na tsakiyar aksul ɗin baya, inda difarenshal yake, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu. Shi ne wuri mafi kusa da ƙasa a yawancin motocin nan, kuma a taya ta kamfani tsayinsa bai cika wuce santimita 21 zuwa 23 ba, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya. Yi wa sandar alama a daidai nan.

Bi layin da tayar dama za ta bi har ka fita, ka dawo ta layin tayar hagu, kana caka sandar kowane taku biyu ko uku. Idan ta tsaya a kan tauri kafin alamar, wurin zai biyu. Idan ta shige ta wuce alamar ba tare da ka danna da ƙarfi ba, nemi wani layi. Inda kai kanka ka kasa tafiya, laka tana cire maka takalmi, mota ba za ta wuce ba.

Ciyayi ma suna ba da labari. Inda kacala ko bado suka fito, ruwa yana kwana a wurin. Inda ciyawa ta yi kauri, saiwoyinta sun saƙa, nan ne ƙasa ta fi riƙe taya. Sawun shanu na safiyar nan ya fi komai faɗin gaskiya: in kofato ya lotsa har ramin ya cika da ruwa, ka san abin da ke jiranka. Ka kuma duba abin da ruwa ko ciyawa suka ɓoye, kamar kututturen da aka sare, tsohuwar rijiyar lambu, bututun ban-ruwa na masu noman rani, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Kafa kara a gefen kowanne. Kafa wasu karan a inda za ka yi kwana, domin daga kujerar direba duk fili kama ɗaya yake yi.

Idan gonar wani ce, a nemi izini kafin a shiga, a kuma bi gefe ko burtali. Sawun taya a jiƙaƙƙiyar laka yana danne ƙasa, mai gona zai gan shi a amfaninsa. Sau da yawa kuma shi ne zai nuna maka inda amalanke ke bi, wanda ya fi duk binciken da za ka yi da sanda.

In an kwana ana ruwa, kuma tafiyar ba ta ceton rai ba ce, jira rana ta ɗaga. Awa uku ko huɗu na rana da iska suna canza taɓo mai santsi sosai.

Kayan da ya kamata su kasance a mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shebur mai dogon ƙota, adda, gejin auna iska, famfon iska mai aiki da batir, jak mai lafiya, katako mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe da kaurin santimita 5 don ɗora jak, falanki biyu masu tsawon mita ɗaya ko fiye, igiyar ja mai rubutaccen ƙarfi na tan 8, da shakul biyu, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake haɗa igiya da mota da shi, masu lambar tan 3.25 ko 4.75 a jikinsu. Shakul ɗin da babu lamba a jikinsa kada ya shiga aikin ja.

Iskar taya

Wannan ne gyaran da ya fi kowanne tasiri, kuma shi aka fi tsallakewa. Masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 a geji, a ma'aunin PSI, alhali abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba yawanci 29 zuwa 35 ne idan babu kaya mai nauyi. Taya mai tauri haka ɗan wuri kaɗan take taɓa ƙasa, sai ta nitse.

A laka mai zurfi sauke iska zuwa 20 ko 22, duka tayoyi huɗu daidai. Sawun taya zai ƙara tsawo, nauyi ya bazu, kuma lanƙwasar da roba ke yi tana taimaka wa zanen taya ya zubar da lakar da ta cushe shi. Idan an riga an kafe ana iya sauka zuwa 15 don fita kawai, amma daga nan bakin taya na iya ficewa daga rim idan aka murɗa sitiyari da ƙarfi. Mota mai cike da buhuna kada ta sauka ƙasa da 25 a baya. Taya mai tib, irin ta tsofaffin Land Cruiser, ita ma kada a sauke ta sosai, don taya na iya zamewa a kan rim ta tsinke bakin tib. A taɓo marar zurfi mai tauri a ƙasa kuwa, 26 zuwa 28 ya isa.

Irin tayar ma da magana. Mai manyan haƙora da faɗin rami tsakaninsu tana watsar da laka tana juyawa. Tayar kwalta cikin juyi biyu take cikewa ta zama sumul kamar tulu, kuma babu fowil ɗin da zai gyara wannan.

Sa fowil tun kana kan tauri

1. Idan motarka tana da makullai a tsakiyar tayoyin gaba, sauka ka murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. In ka manta, ko ka kulle ɗaya ka bar ɗaya, fitilar fowil na iya kamawa a dashbod amma tayoyin gaba ba sa jan komai.
2. Tsayar da mota cak, taka kuloci, ko ka sa otomatik a N, sannan ka kai ƙaramin liba ko maɓalli zuwa L4, wato ogzilari. Jira fitilar ta daina ƙiftawa. L4 tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya kusan sau biyu da rabi, tana rage gudu daidai haka.
3. Prado da manyan Land Cruiser fowil ɗinsu kullum a kunne yake, amma akwai difarenshal a tsakiya. Tabbatar ya kulle, in ba haka ba taya ɗaya tak da ta rasa kamu za ta iya kwashe juyin duka.
4. In akwai makullin difarenshal na baya, sa shi kafin wuri mafi muni, mota tana tsaye ko tana rarrafe ƙasa da kilomita 8 a awa. Kada ka danna shi taya tana cikin juyawa a banza, haƙoran ciki ne za su ci duka.

Dalilin makullin nan shi ne, difarenshal na yau da kullum yana barin tayar da ta fi samun santsi ta yi ta juyawa, ta ɗaya gefen tana tsaye. Saboda haka mota mai fowil na iya tsayawa da taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna wulwulawa, biyun da ke kan ƙasa mai kyau ba sa motsi. Makulli yana tilasta tayoyin baya su juya tare. Illarsa ita ce mota ba ta son kwana, sai ta riƙa tura kai gaba. Cire shi da zarar ka wuce wurin.

Sababbin motoci suna da na'urar hana zamewar taya wadda ke rage wa inji ƙarfi da ta ji taya ta zame. A laka wannan na iya kashe maka tafiya a tsakiyar fili. A motoci da yawa shiga L4 yana kashe ɓangaren da ke rage ƙarfin da kansa. In a H4 za ka shiga, wato fowil ba tare da ogzilari ba, kashe ta da maɓallinta.

Masu RAV4, CR-V da Highlander su sani nasu babu L4, cikinsu kuma ya fi kusa da ƙasa. Taɓo marar zurfi za su iya, fadama kuwa a bar wa manya.

Shiga da tafiya

Fasinjoji su sauka su taka, an rage nauyi kuma an sami masu nuna hanya. Ɗaura bel, sauke gilashin gefenka don ka ji ƙarar taya ka kuma leƙa ta gaba. Riƙe sitiyari da manyan yatsunka a waje, domin idan taya ta bugi kututture sitiyari yana fizgewa ya karya yatsa.

Giya ta biyu a L4 ita ce ta yawancin laka, ta uku idan filin shimfiɗe yake kuma dogo. Ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, tayoyi za su ɓalle su fara haƙa. A otomatik kulle ta a 2, kada ka bar ta a D tana canji yadda ta ga dama. Zaɓi giyar tun a waje ka zauna a kanta. Taka kuloci a tsakiyar laka daidai yake da taka birki: cikin daƙiƙa ɗaya mota ta tsaya, tashi daga tsaye kuwa shi ne mafi wuya.

Gudun da ake so bai wuce na mai sassarfa ba, kilomita 10 zuwa 15 a awa, injin dizal yana juyi wajen 2,000 a minti. Ana son mota ta shiga da ɗan zafinta wanda zai ɗauke ta a inda kamu ya yi ƙaranci, amma ba a shiga a guje. Mai shiga a guje yana watsa taɓo cikin lagireto, ya rufe gilashinsa, in kuma akwai rami a ɓoye sai ya lanƙwasa ƙarfen sitiyari. Idan ya kafe ma, can tsakiya yake kafewa inda igiya ba ta kaiwa.

Riƙe totur wuri ɗaya. In ka ji inji ya ɗaga murya amma mota tana rage tafiya, tayoyi sun fara zamewa ke nan. Ƙafa za ta so ta danna. Sassauta kaɗan maimakon haka, sannan ka riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu da sauri, kamar rubu'in juyi kowane gefe. Haƙoran gefen taya za su ciji bangon sawun su samo sabon kamu. Sau da yawa wannan kaɗai ke fitar da mota.

Sawun da wata mota ta bari yana da amfani idan bai yi zurfi ba, don an riga an danne ƙasansa. In kuwa tarakta ko tifa ce ta haƙa shi, tudun tsakiya zai ɗauke cikin motarka tayoyi su rataye. Auna shi da alamar sandarka. Ya fi zurfi, sai ka hau gefe, sawu ɗaya ya kasance tsakanin tayoyinka. A cikin sawu kuma ka riƙa sanin inda tayoyin gaba suka dosa. Sawu yana riƙe mota ta tafi miƙe ko da sitiyari a murɗe yake, sai a wurin da taya ta sami kamu mota ta yi tsalle ta fice gefe ba shiri.

Kunya da ƙananan magudanai ana haye su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali. In ka tunkare su kai tsaye tayoyin gaba biyu za su faɗa tare, bamba ta caki ƙasa. Gangare kuwa ana hawansa ko saukarsa a miƙe. Bin gefen gangare mai santsi yana sa mota ta zame a kwance har ta faɗa kwari. Wajen sauka sa giya ta ɗaya a L4, cire ƙafa daga birki, inji ya riƙe motar. In gindi ya zame zuwa dama, juya sitiyari dama a hankali, ka sassauta totur.

Inda ruwa ya kwanta a kan lakar, auna shi ma. Hilux na zamani kamfani ya ba ta santimita 70, amma wannan a kan ƙasa mai tauri ne. Ka haɗa zurfin ruwan da zurfin da taya za ta nitse. In inji ya mutu a cikin ruwa kada ka sake tayar da shi. Ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Idan ta kafe

Da mota ta daina gaba, ɗaga ƙafa nan take. Daƙiƙa biyar na wulwula taya sun isa su mayar da aikin minti goma ya zama na yini. Sa ribas, miƙe sitiyari, ka gwada komawa a kan sawunka a hankali. In ta motsa kaɗan ta tsaya, yi ta lilo gaba da baya, kowane zuwa yana ƙara tsawon wurin da aka danne. A otomatik bari tayoyi su tsaya kafin ka canza daga R zuwa D. In ka ji warin kuloci, tsaya ya huce.

In lilo bai yi ba, sauka ka leƙa ƙasa. Wace taya ce ke juyawa a banza, me kuma ya zauna a kan laka? Sauke kaya. Haƙe lakar da ke gaban kowace taya ta ɓangaren da za a fita, ka yi mata gangare mai sauƙi, ba rami mai bango ba. Sannan ka kwashe wadda ta tokare aksul da tsakiyar mota har ka ga haske ya ratsa ƙarƙashi. Wannan ne aikin da mutane ke gudu, su tafi neman masu turi, alhali muddin ciki yana zaune ko mutum ashirin ba za su motsa ta ba.

Cusa falanki ƙarƙashin taya sosai, ba a gabanta kawai ba. In babu, rassan itace, karan dawa a ɗaure, duwatsu ko buhu cike da rairayi duk suna yi. Idan taya ta nitse har rabi, ɗora jak a kan katakonsa, ɗaga tayar, cika ramin, sauke, ka koma ta gaba. Kada kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da ke kan jak a laka. Masu turi kuma kada su tsaya daidai bayan taya, don tana harbo katako da dutse da ƙarfin da zai fasa ƙauri.

Ja da wata mota shi ne wurin da ake samun munanan raunuka, saboda laka tana tsotse mota, ƙarfin da ake bukata ya kan haura nauyin motar kanta. A ɗaura igiya a ƙugiyar da aka ɗaure da manyan kusoshi a jikin shasi. Ba a ɗaurawa a bamba, ko aksul, ko ƙarfen sitiyari, ko siririn zoben da ake ɗaure mota da shi a jirgin ruwa. Ƙwallon jan tirela kuwa ko kusa kada a ɗaura a kansa, yana tsinkewa ya taho kamar an harba shi, kuma ya kashe mutane a haka. Kada a haɗa igiya biyu da shakul. A yafa bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kowa ya ja baya aƙalla tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, yara musamman, su da ba sa rabuwa da wurin da mota ta kafe. Mai ja ya tsaya a kan tauri, a miƙe da wadda ta kafe, mutum ɗaya tak ke ba da alama. Igiya mai talewa ana iya ba ta sakin mita ɗaya ko biyu a ɗauka a hankali. Sarƙa da waya ba sa talewa, don haka idan tarakta ce ta zo da sarƙa, a miƙar da ita tukuna sannan a ja sannu, ba fizga. Direban da ake ja ya sa giya ya taimaka da ɗan totur.

Bayan an fita

Cire makullin difarenshal, koma H2, wato ka fita daga fowil, kafin ka hau kwalta. Fowil irin na Hilux ba shi da difarenshal a tsakiya, a kan kwalta gaba da baya suna ja-in-ja a kowace kwana har farfela da giyar fowil su ɗaure. In liba ta ƙi fita, yi ribas a miƙe mita biyar zuwa goma, za ta saki. Mayar da iska. In babu famfo, kada ka wuce kilomita 40 a awa har ka isa wurin mai faci, don taya marar iska tana zafi ta fashe. Taka birki a hankali sau da yawa kana tafiya har ya bushe ya dawo da kamunsa.

Wanke ƙarƙashin mota a ranar, kafin lakar ta bushe. Wadda ta manne cikin rim ita ke sa sitiyari rawa a kan titi. Ta jikin lagireto tana sa inji zafi. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, don ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran fukafukansa. Cire ciyawar da ta naɗe farfela da salansa. Birkin baya na yawancin Hilux irin na ganga ne, yana tara taɓo a ciki, don haka kada ka ja birkin hannu ka bar mota ta kwana a haka; bar ta a giya ka sa dutse. In ana jin ƙara bayan kwana biyu, a buɗe gangar a wanke.

Idan aksul ya nitse cikin ruwa, buɗe murfin inda ake zuba man difarenshal ka duba. Aksul mai zafi da ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa, man ya koma launin shayi da madara. In ka ga haka a canza shi nan da nan, gaba da baya da na giyar fowil. A buga giris a kan nonon farfela har tsohon ya fito. Mai mota mai makullan gaba kuma ya riƙa kulle su yana tafiyar kilomita 16 a kowane wata ko da rani ne, kamar yadda Toyota ta tsara, don mai ya zagaya kayan gaba, kada damina ta zo a tarar sun ƙi shiga.